Daminar da ta ci mana kusurwar masallaci

Ƙauyenmu yana kudancin ƙasar Kano, ɓangaren da tsofaffi ba sa gama hira ba su ambaci harin Ningawa ba. Ba babban gari ba ne. Dagaci gare mu, kasuwarmu sau ɗaya take ci a mako, kuma in ka hau tudun maƙabarta kana iya ƙirga rufin kwanon garin kaf. Amma muna da abubuwa uku na gado: guntuwar ganuwa ta gabas wadda gwalalonta ya cike har ana shuka gero a ciki, karofin da aka daina rini a cikinsa tun ina ɗan firamare, da masallacin ƙasa na ƙofar gidan dagaci mai tulluwa biyu, wato ƙubba, da rufin baka na ɗaurin guga. A kan masallacin nan na yi kusan shekara guda ina kai da komo tsakanin zaure da ofis. Tun da aka gama gyaransa, mutane daga garuruwa uku sun zo suna tambayata ta ina aka fara, kuma duk sanda na buɗe baki sai in ga amsar ta fi ƙarfin hirar tsaye. Shi ya sa na zauna na rubuta ta a jere yadda ta faru, har da inda na ɓata lokaci da abin da hakan ya jawo mana.

Da alheri abin ya faro. Wani ɗan garinmu da Allah ya buɗa wa a Kudu ya zo Ƙaramar Salla, ya ga rabin jama'a suna salla a rana domin masallacin ya yi musu kaɗan, ya miƙe a gaban kowa ya ce ya ɗauki nauyin rushe shi ya gina na bulo da kwano, da fanka da lasifika. Aka yi ta kabbara. Ni ma na yi, don niyyarsa mai kyau ce, buƙatar kuma ta gaskiya ce. Sai da na shiga sallar isha'i, na ɗaga kai na kalli bakunan nan da suka taso daga bango suka haɗu a tsakiyar rufi, da 'yar tasar da aka manna a mahaɗarsu, sannan gabana ya faɗi. Ni malamin makaranta ne. Kullum ina koya wa yara Bayajida da Rumfa daga littafi, ga tarihin da ke bisa kanmu za a kwashe a tifa cikin kwana biyu. Washegari na rubuta takardar koke, na hau babur na nufi sakatariyar ƙaramar hukuma. Kuskurena na farko ke nan. Mako uku na yi ina zarya. Mai karɓar wasiƙu ya tura ni sashen ilimi da walwalar jama'a, can suka ce ai gini ne, na sashen ayyuka ne, sashen ayyuka suka ce ai masallaci ne, ba huruminsu ba ne. Sau biyar ina zama a benci daga hantsi har azahar ana ce mini Yallaɓai ya fita. A zuwa na ƙarshe wani dattijon masinja ya ja ni gefe, ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Malam, takardar nan marainiya ce. Ina hatimin dagacinku? Ina na hakimi? Ko shekara za ka yi kana zuwa babu mai ɗora mata biro." Ban biya ko kwabo a ofishin ba, amma man babur ya tafi, da kwanakin da na roƙi abokan aiki su riƙe mini aji.

Mafi muni, labari ya riga ni isa zauren dagaci, ya kuma isa a karkace: wai malamin makaranta ya kai ƙarar gari, yana so ya hana gina ɗakin Allah. Kwana biyu ina gaida mutane suna amsawa ciki-ciki. Kawuna ne ya ɗauke ni bayan sallar asuba, da ƙullin goro a aljihunsa, muka je muka zube gaban dagaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi gaggawa, na tsallake gida na tafi waje. A yafe mini." Ya daɗe bai tanka ba. Can ya ce, "Ɗana, a masallacin nan aka ɗaura auren ubana, a cikinsa aka raɗa mini suna. Kana zaton ina son ganin ƙurarsa? Amma mutum ya zo da alheri. Da wane baki zan ce masa a'a in ba ni da inda zan nuna masa?" A nan na gane ashe maganar fili ce ta tsare kowa, babu mai ƙin tarihi. Ya ce mu je wurin liman tukuna. Liman sharaɗi ɗaya ya kafa, ya ce masallaci ba a mayar da shi kango don 'yan kallo, in za a bar shi to a ci gaba da salla a ciki. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, abin da muke roƙo ke nan." Wurin Alhaji kuwa, ɗan garin namu mai son yin sabon ginin, hotuna ne suka yi mini magana. Na nuna masa masallacin Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya kuma ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Na nuna masa na Dandaji, duk a can Tawa, inda suka gina sabo kusa da tsohon suka mayar da tsohon ɗakin karatu. Ya yi ta ja da yatsa yana duba hotunan, ya ce shi bai taɓa sanin ana tasowa daga wata ƙasa don a ga ginin laka ba. Dagaci ya ba da fili a yammacin gari don sabon masallaci, tsohon ya tsaya na salloli biyar da karatun dare. Muka rubuta wannan a takarda ɗaya, da boko da ajami, dagaci da liman da Alhaji da masu unguwa uku suka sa hannu. Aka kafa kwamiti na mutum 7, aka ba ni rubutu. Duk wannan kwana 10 ya ɗauka, a cikin gari, ba tare da man babur ba.

A cikin kwanakin nan ne na yi kuskure na biyu, wanda har yau yake damuna. Lokacin bazara ta kai ƙarshe, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Kwamiti ya kira wani maginin ƙasa daga garin da ke maƙwabtaka da mu, mutumin da ya gaji sana'ar wurin ubansa. Ya hau rufi, ya sauko ya bi bangon alƙibla yana ƙwanƙwasawa da bayan hannu. Shekarun baya an shafe bangon nan da siminti da nufin a kare shi, to duk inda ya buga sai ka ji kamar ganga. Ya ce simintin ya rabu da ƙasar, ruwa yana shiga ta baya ba ya samun hanyar fita, indararon kusurwar arewa maso gabas kuma ya toshe. Ya ce a ba shi kwana huɗu da yara shida ya buɗe indararon ya yi wa rufin yaɓe kafin ruwa ya sauka. Ni na hana. Na taɓa jin cewa in aka taɓa tsohon gini kafin masana su gani, hukuma ba za ta karɓe shi a matsayin na tarihi ba, na riƙe maganar nan kamar karatu. Ya kalle ni ya ce, "Malam, ruwa ba ya jiran baƙi." Aka sallame shi da kuɗin mota. Daga nan na ɗauki takardarmu zuwa gidan hakimi. Can tsarin a fili yake: ka ba magatakarda, ya sa maka ranar da za a zauna, ka zo tare da dagaci ko wakilinsa. Kwana 9 muka jira. Hakimi ya saurara, ya yi tambaya biyu a kan fili, ya sa aka rubuta mana wasiƙar goyon baya aka buga hatimi. Ka nemi a buga maka kwafi biyu na asali, don akwai inda za a karɓi ɗaya ba za a mayar maka ba.

Kano na shiga a watan Yuli, ruwa ya riga ya zauna. Na fara da Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan da Bature Hans Bisha ya zauna ya buɗe makarantar boko a 1909, inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano take. An karɓe ni da mutunci, aka karanta wasiƙar hakimi, sannan aka yi mini tambayoyin da ya kamata in yi wa kaina tun a gida. Yaushe aka gina shi? Zamanin wane sarki? Wa ya gina? Nawa ne tsawonsa da faɗinsa? Ina hotuna? Abin da ke hannuna hoto uku ne a waya da kalmar "ya daɗe". Washegari na tafi Gidan Makama, daura da gidan Sarki, wanda ke ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. A nan aka warware mini dokar da nake ta dogara da ita ban san ta ba. Dokar 1979 ce ta kafa hukumar, kuma a cikinta kayan da aka yi a ƙasar nan kafin 1918 suna shiga sahun kayan tarihi. Amma shiga sahu daban, ayyana gini a matsayin abin tarihi na ƙasa daban. Wannan sai an bincika, an sanar a jaridar gwamnati, an ba masu wurin damar magana, sannan amincewa ta zo daga sama. Wuraren da aka ayyana a Nijeriya duka ba su haura 60 da yawa ba, ko da yake akwai na ƙananan garuruwa a cikinsu, kamar tsohon masallacin Haɓe na Bebeji da Gidan Madaki na Kafin Madaki a Bauchi. Hanin taɓa gini ba da izini ba kuwa, a kan wanda aka riga aka ayyana, ko aka sanar za a ayyana, yake. Namu ba a ayyana shi ba. Yaɓe da irin ƙasar da aka gina shi da ita ba ɓarna ba ce, shi ne ma abin da ya raya shi har ya kawo yau. Da na ji haka jikina ya yi sanyi. Daga bakin ƙofar na kira gida na ce a nemo magini. Ya ce yaɓe a tsakiyar damina zubar da ƙasa ne, sai dai a rufa tamfol. Aka rufa, aka danne da duwatsu, amma tamfol ɗin bai kai kusurwar ba.

Da aka ba da dogon hutu a Agusta, ina da zaɓi biyu. Na riga na rubuta sunayen tsofaffi 11 da za a yi hira da su, na farkonsu wani dattijo makaho da ya haura 90, wanda yana saurayi ya ɗauki ƙasa a ka lokacin babban gyaran ƙarshe da aka yi wa masallacin. Ko in zauna da su, ko in tafi Kaduna neman takarda. Na ce tsofaffi suna gida, in na dawo na same su. Na tafi Kaduna.

Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa tana da manyan rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna, kuma takardun mulkin Turawa na Arewa a Kaduna suke. Na je da wasiƙar gabatarwa daga shugaban makarantarmu, da ta hakimi, da katin shaida da hoton fasfo biyu. Na cika fam, na biya kuɗin rajista aka ba ni rasit. Ba kai za ka shiga cikin takardu kana tono ba. Akwai kundaye masu jerin sunayen fayiloli da lambobinsu, ka duba, ka rubuta lambar wanda kake so a 'yar takarda, ka jira a kawo maka. Jerin da ya shafe mu biyu ne: mai alamar SNP, wato takardun ofishin Sakataren Lardunan Arewa, da mai alamar KANOPROF na Lardin Kano. Yini ɗaya da rabi na yi ina bin layi da yatsa ina neman sunan ƙauyenmu, ban gan shi ba. Wani ɗalibin jami'a daga Zariya da ke zaune kusa da ni ya ga na dafe kai, ya tambaye ni, ya ce, "Malam, Turawa ba su buɗe wa ƙauye fayil ba, gunduma suke buɗe wa." Ya ƙara da abin da ba zan taɓa ganowa ni kaɗai ba. Bayan Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, da 'yan shekaru suka fitar da hakimai daga birni suka zaunar da su a gundumomi, kuma da fari gundumomi da yawa da sarautar mai riƙe da su ake kiransu, gundumar Ciroma, gundumar Ɗan Iya, gundumar Makama. An kuma yi ta cire ƙauyuka daga wannan ana mannawa a waccan. Tambayar da za ka zo da amsarta daga gida ita ce, wa kakanninmu suke kai wa haraji? Na kira kawu, ya taka zuwa zauren dagaci, cikin rabin sa'a na sami sunan sarautar. Da shi na sami rahoton kimanta haraji na gundumar, wanda aka rubuta zamanin Sarki Abbas. Sai kuma rikicin rubutu. Babu ƙ babu ɗ babu ɓ, inda muke sa c su ch suke sawa, sarki ya koma "seriki", harafi ɗaya a ninka shi biyu. Sunan garinmu iri uku na gan shi a fayil guda. Ka riƙa furta abin da ka gani a bakinka, kunne zai gane abin da ido ya tsallake.

Da na kai shafin, hannuna har rawa yake. Takarda ta yi ja, gefenta yana marmashewa, ga garinmu: yawan gidaje, maza da mata, shanu da jakuna, masaƙa, ramukan karofi, da alamar cewa gari ne mai ganuwa. A ƙasa ga jerin dagatai biyar da shekarun da kowa ya yi. Na karanta sau uku ina neman masallaci, ko layi ɗaya babu. Raina ya ɓaci sosai, sai daga baya na ga dalili. Baturen abin da ake karɓar kuɗi a kansa ya zo ƙirgawa, ramin rini yana da haraji, masallaci ba shi da. Amma jerin dagatan nan tsani ne. Na nemi izinin ɗaukar hoto, na biya abin da aka yanka, na kwafi lambar fayil ɗin a bangon littafina. Kada ka manta da lambar, don duk wanda za ka nuna wa hoton ita zai fara tambaya. Yini na huɗu na yi shi a Arewa House da ke titin Rabah, gidan marigayi Sardauna, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello tun 1970. Can na karanta kundayen ɗalibai a kan yaƙe-yaƙen Kano da Ningi. Masauki ban biya ba, wurin ɗan'uwa na sauka, amma kuɗin mota zuwa da dawowa da abinci da hotuna sun ci kusan rabin albashina na wata.

A daren yini na huɗun nan ƙanwata ta kira. An kwana biyu ana ruwa da iska daga gabas, simintin bangon alƙibla ya ɓallo kamar faranti, kusurwar ta zauna, baka ɗaya ya karye, gefen tulluwa ya rufta. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki. Ban gama jin wannan ba ta ce kuma Baba makaho ya kwanta. Na kamo hanya da asuba, na tarar an dawo daga maƙabarta. Na zauna a tabarmar ta'aziyya da hotunan takardun Bature a aljihuna. Ɗansa ya ce mini, "Ai ya yi ta tambaya yaushe malamin zai zo, ya ce akwai abin da zai faɗa masa a kan wanda ya ɗaura bakan nan." Takardar da na tafi nema ta yi shekara fiye da 100 tana jira, da na bar ta wata guda ba inda za ta.

Sauran goman ban ƙara ɗaga musu ko kwana ɗaya ba. Kowa a gidansa, shi kaɗai, don in ka tara su babba ne zai yi magana sauran su ce haka ne. Ina neman izini kafin in kunna waya, ina kai goro ko sukari. Tsofaffin mata huɗu ƙanwata ce ta shiga wurinsu, kuma abin da ta fito da shi ya fi nawa: sunayen rijiyoyi, wace zuriya ta zo daga ina, da kirarin gidaje da ke cikin waƙoƙin niƙa. Kada ka tambayi tsoho shekara. Tambaye shi zamanin wane sarki, kafin basasar Tukur da Yusufawa ta 1893 ko bayanta, kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ko bayansa, kafin yunwar Kakalaba ta wajen 1914 ko bayanta. Da waɗannan turaku suke ɗaure labari. Bakwai cikin goma sun haɗu a kan cewa dagaci na uku ne ya sa aka gina masallacin, bayan Ningawa sun ƙone na ciyawa, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi wanda ya hau a 1855. Da na jera shekarun dagatan takardar Kaduna na yi baya da su, dagaci na uku ya faɗo cikin zamanin nan. Shaida ta uku tana cikin gafakar liman. A bayan wani Alƙur'ani rubutun hannu an rubuta rasuwar kakan kakansa, limamin farko na masallacin, da shekarar Hijira gab da 1300, ita kuwa 1300 a Nuwamban 1882 ta kama. Ban nemi ya ba ni aron takardar ba, a gabansa na ɗauki hoto ya mayar da abarsa. Saboda haka muka rubuta cewa an gina shi tsakanin 1855 da 1882. Wasu samarinmu sun so a ce shekara 500 don ya yi armashi a Facebook, na ƙi, kuma zan sake ƙi. Ranar da masani ya kama ƙarya ɗaya a fayil, gaskiyar da ke cikinsa ma ta mutu. Kan wanda ya fara saran garin kuwa gida biyu ne ke ja, kowa da hujjarsa. Muka rubuta duka biyun, kowanne da bakin wanda ya faɗa.

Gyara sai da aka gama kaka, a Disamba. Na je da kaina na ba magini haƙuri, ya ce ya wuce. Ya fara da ɓamɓare sauran simintin gaba ɗaya. Ƙasa ya ce a haƙo a tsohon kududdufin bayan masallaci, don launinta ya nuna daga nan aka ɗebi ta farko. Aka kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa da kashin doki, samari suka tattake, aka bar ta ta tsima, aka sake jiƙawa aka sake tattakewa, kusan mako biyu kafin ya yarda a taɓa ta. Tubali da hannu aka mulmula, mai gindi da tsini irin na da, ba na akwati ba. Azara ce ta ba mu wuya. Ya ce sai ta namijin giginya, mai baƙin ƙarfi wadda gara ba ta so, giginya kuwa ta yi ƙaranci a wajenmu, sai daga nesa aka sayo guda 40. Ɗaurin bakan shi ne abin kallo. Azara ba ta son a ba ta faɗin da ya wuce kamu huɗu, don haka hawa-hawa ake tafiya: a kafa sahu a cikin bango ya leƙo, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ya bushe, sannan a ɗora na gaba ya ƙara leƙowa, har na nan ya sadu da na can. Kwanakin jiran bushewa sun fi na aiki yawa, kuma duk wanda ya ce a yi sauri magini ba ya ko kallonsa. Rufi aka jera azara, aka shimfiɗa zana, aka zuba ƙasa, aka gama da laso. Laso katsi ne da gashin jima da ruwan dafara, katsin kuwa daga mataccen karofinmu aka tono shi aka ƙona aka daka. Ramukan da muka ɗauka sun gama amfani su suka rufe masallacin. Mata suka tara ɓawon ɗorawa aka yi makuba aka shafe bango. Aka sa sababbin indararo masu tsawo don ruwa ya faɗi nesa da gindin gini. Farashi yana gudu, don haka da masara zan auna: aikin duka ya ci kwatankwacin kuɗin buhu 22, kusan rabi a azara da jigilarta, kuma Alhaji ne ya biya wannan rabin ba tare da an roƙe shi ba. Leburanci gayya aka yi. Yaɓen da na hana a bazara bai fi buhu 2 ba.

Ga wanda zai bi wannan hanya, jerin da na bi a juye yake. Zauren dagaci da na liman su ne ofis na farko, kuma ka je da amsar inda za a yi sabon gini, don mai son rushewa yawanci wuri yake nema. Daga nan magini, a mako guda, ya hau rufi ya duba indararo, abin da ya ce a yi kafin ruwa a yi shi, da ƙasa, kada siminti ya kusanci bangon. Kafin ya taɓa komai ka ɗauki hoton kowane bango ciki da waje, ka sa mutum ya tsaya a jiki don a gane tsayi, ka auna da tef ka zana a takarda. Sannan tsofaffi, mafi tsufa shi ne na yau. Hakimi, Kano da Kaduna duk suna biyo baya, kuma za ka fi cin moriyarsu in ka je da sunayen dagatai da sarautar da kuke bi a da. Kada ka yi wa jama'a alkawarin gwamnati za ta kawo kuɗi, ko ta ayyana wurin bana. Kowace takarda ka yi mata kwafi, duk inda ka miƙa kuma a buga maka hatimin karɓa a naka.

Fayil ɗinmu shafi 31 ne: tarihi, hotunan kafin rushewa da bayan gyara, awo, yarjejeniyar gari, wasiƙar hakimi, da lambar takardar Kaduna. Mun kai kwafi ɗaya Gidan Ɗan Hausa, ɗaya Gidan Makama, ɗaya yana wurin dagaci, ɗaya a akwatin makaranta, muryoyin tsofaffin kuma suna kan waya uku daban-daban. Yanzu ganuwa ce a gabanmu, don masu buga bulon ƙasa sun fara yagar ta ta kudu, dagaci ya ce bayan an ɗauke amfanin gona zai tara masu gonakin da ke jikinta. Magini kuwa ya bar mana saƙo wurin ladan: da zarar an ga shamuwa ta sauka a kukar kasuwa, a aika masa ya zo ya hau rufin.